Lissafin Numfashi

Wuta ta ɗauke tun la'asar.
Ina zaune kan dakali a Runjin Sambo,
littafin lissafi a cinya, gumi na ɗiga kan sifiri.
Daga Sakkwato zuwa Abuja, jirgi.
Daga Abuja zuwa Ikko, wani jirgin.
Daga can ƙaramin jirgi mai kujera goma sha biyu,
sai kwale-kwale mai inji, awa huɗu in teku ta yarda,
sannan tsibirin,
wanda a taswira bai kai ƙwayar gero ba.
Na zagaye shi da jan biro.
Ɗiyata Ige ta ce kashin ƙuda ne, har ta sa farce.

Kaya sun iso ranar Talata ta tashar mota:
tabarau mai rufe hanci,
takalman roba masu faɗin faifai.
Na cika baho a tsakar gida, na tsoma kai,
na ga tsatsa, na ga tururuwa ɗaya da ta riga ni nitso.
Daƙiƙa hamsin da ɗaya.
Jabbi ne ke riƙe da agogo, dariya ta hana shi ƙirga sauran.

Inna Tumba ta ɗaga labule:
“Arzika, mi ka yasar ƙasan teku
da zaka tahiya biɗa?
Ubanka rijiya shika shiga, da igiya ga ƙugu,
ni ko ina tsaye bakinta har shi hito.”

Ban amsa ba.
Na tuna daren da ya ce mini
a can ƙasa sama kan koma kamar kwabo,
hayaniyar gari ta mutu,
mutum ya ji zuciyarsa na daka ita kaɗai.
Shekara talatin yana ciro guga,
ɗan kunne, buta, wata rana ɗan akuya.
Duk abin da ya hau da shi na wani ne.
Ni so nake in sauka sau ɗaya
ba aiken kowa a hannuna,
in ga kifin da ba a yi masa farashi ba,
in wuce shi, ya wuce ni.

Matar da za ta koya mini ta kira jiya,
muryarta na tsinkewa, iska na kaɗawa a bayanta.
Ta ce babban yatsa a sama ba lafiya yake nufi ba,
nufinsa mu hau.
Na yi mata alfahari da daƙiƙa hamsin da ɗaya.
Ta yi shiru, sannan ta ce:
da tukunyar iska a bayanka, doka ta farko,
kada ka taɓa riƙe numfashi.

Na daɗe da waya a kunne bayan ta kashe.
Mu da aka raina da cije leɓe,
a layin mai, a layin albashi, a bakin makabarta,
yanzu a ce in saki?

Likita ya leƙa kunnuwana, ya ce garau.
Adashi zai zagayo kaina bayan damina.
Amma duk safiyar da dala ta tashi
tsibirin kan ƙara matsawa gaba guda cikin ruwa,
in sake goge sifiri, in sake rubutawa.

Yau da yamma na gangara Kwalkwalawa.
Rima ta rame, ta koma launin kunu.
Masu wankin babur suka tsaya kallo
sa'ad da dattijo mai furfura ya ɗaura tabarau
ya shiga har ƙirji, ya kifa fuska.
Ban ga komai ba sai laka.
Na ja iska ta bututu, na sake ta,
na ja, na sake,
a hankali, kamar yadda ta ce,
har aka kira magariba daga ƙetare.