Shanya

Shekara talatin da ɗaya Noreen tana tsine wa hayaƙi.
Ta shanya zanen gado fari da safe,
ta kwashe shi da la'asar ruwan toka.
Yau ga shi yana kaɗawa a igiya,
fari fat, har yana kashe ido,
ita kuwa ba ta son kallonsa.

Mijinta Hedley har yanzu ƙarfe biyar yake farkawa.
Jiki bai ji labarin an rufe masana'anta ba.
Ya ɗaure takalmi, ya tsaya bakin taga
yana jiran jiniyar da ta daina kuka.
A da in dare ya yi, gajimaren garin nan ja yake,
kamar an manta murhu a buɗe a sama.
"Ƙarfen da muka narka," in ji shi,
"yana can ɗauke da gadojin mutanen
da ba su taɓa jin sunanmu ba."

Aka zo daga Landan da hulunan kwano sababbi dal,
aka ce zamani ne, sai haƙuri.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma wa ya tambayi mai ɗaki?

Mahauci ya rufe. Banki ya bi sahu.
Inda ake sayar da takalman aiki ya koma shagon caca,
maƙwabcinsa ma shagon caca.

'Yarsu Lynsey ta yi kudu, inda kuɗi ke kwana,
rabin albashinta na haya ne,
tagarta bango take kallo.
Jikansu Kieran yana katafaren sito bakin babbar hanya,
yana cusa kayan wata ƙasa cikin kwalaye,
na'ura a wuyan hannu tana ƙirga masa taku.
Bai san ko da aiki gobe ba
sai waya ta yi ƙara.

Ran da aka sa wa dogon bututun nakiya
gari duk ya hau tudu kallo.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Wasu suka tafa.
Hedley ya cire hula, kamar ana wucewa da gawa.
Ƙura ta tashi, iskar teku ta koro ta gari.

Nan Noreen ta tuna ta bar shanya waje.
Ba ta yi sauri ba.
Ta tarar da zanen ya yi toka-toka,
ta kai shi hanci, ta daɗe,
sannan ta ninke shi haka nan, ba wanki,
ta sa a ƙasan akwati.