Na Je Sayen Hanya

Lokotoro ta kwance abin awo daga dantsena,
ta dubi lamba, ta dube ni, ta ce:
"Hajiya Barira, jini ya hau, suga na biye da shi.
Ga ƙwayoyi, amma rabin maganin yana ƙafarki.
Minti talatin kullum, tafiya."

Tafiya a ina?
Gudron Bukoki na masu kabu-kabu ne,
gefensa na masu tsire da masu facin taya.
Da hantsi ranar Yamai ba ta san girma ba,
da magariba gwiwata na tsoron rami,
da asuba karnukan lungu ba su san Hajiya ba.

Sai ga ni a kanti bayan Babbar Kasuwa,
gaban Hamani, yaro mai zaƙin baki.
Ya ce, "Sunansa tapi."
Na ce, "Tafi? Zuwa ina?"
Ya yi dariya. "Nan ɗin dai, Inna.
Ba ya gaba, ba ya baya."

Uku ne a jere, kamar raguna a turke.
Na farko baƙi, ƙato, da allo a goshi,
yana ƙirga bugun zuciya,
in ka taɓa shi ya zama tudu.
Jikka ɗari shida.
Na lissafa fanshona a yatsu, yatsu suka ƙare.
Ƙofar ɗakina ma ba za ta haɗiye shi ba,
kuma ranar da kuran ya ɗauke ina tsakar gudu,
wa zai tare ni, bango ko tukunya?

Na biyu siriri, a naɗe shi a tura ƙarƙashin gado.
Na hau, ya yi kukan akuyar da aka taka.
Hamani ya leƙa takarda, ya sosa ƙeya:
"Kilo tamanin yake ɗauka."
Ni da tamanin mun yi sallama tun goyon autana.
Na sauka a hankali, na gyara mayafi,
ban ce komai ba.

Na uku ba waya, ba ya shan wuta,
sai ka tura shi da ƙafa yake motsi,
kamar jakin da ya raina mai shi.
Ƙarfen riƙo biyu, faɗi kamu ɗaya da ɗani,
zanena bai harɗe ba.
Taku goma, taku arba'in, zufa ta keto,

sai na ga innata.
Buhun albasa a ka, ni a baya,
ta bar ƙauye kafin zakara,
rairayi na cin sawunta har kasuwar Tawa.
Ta dawo da gishiri da kananzir da ƴar alewa.
Ba wanda ya ƙirga mata taku.
Ta kai casa'in ba ta san suga ba sai a shayi.
Ni ɗiyarta, shekara talatin da ɗaya kan kujerar biro
ina buga takardun wasu,
yau na zo da jaka, ina sayen hanya.

"Ɗari da hamsin."
"Ɗari."
"Albarka."
"Ɗari da ashirin, ka kai har gida,
ka haɗa da kwalbar mai."
Ya dubi rufi, ya sallama.

Yanzu yana falo, fuskarsa ga taga.
Sau biyu na tsinto wanki an shanya masa,
jikoki sun mai da shi mota.
Amma bayan asuba nawa ne.
Kilomita biyu, ina zanawa da alli bayan ƙofa.

Jiya Sahiya ta leƙo aron rariya,
ta gan ni ina haki, ta riƙe baki:
"Ke kuwa ina zuwa?"
Na ce, "Tawa."
"Kin kusa?"
"Shekaranjiya na wuce Doso.
Saura Dogondutsi, saura Ƙonni.
Rariya na bisa randa, ɗauki,
ba na tsayawa a hanya."