Faifan Farko na Murhu

Lurwanu ya aiko yaro da azahar
da ɗan kati ƙunshe a takardar burodi.
Ya ce a ba tela ya saurara,
in ya ga dama.
Na ajiye shi a kan keken ɗinki,
har aka yi la'asar ban taɓa ba.

Mu biyar ne a da. Tsintsiya sunanmu.
Shekara shida muna bin bukukuwa
daga Rafindadi har Ɓatagarawa,
a bayan a-kori-kura, da sifika mai tari
da janareton da ba ya tashi sai da lallashi.
Ni ke riƙe da fiyano.
Abin da ya kwance maɗaurin bai kai a faɗa ba:
dubu goma sha takwas, kuɗin wani biki a Jibiya,
da wata magana da na yi, wadda ta ƙi haɗiyuwa.
Sagir ya hau motar Legas,
ni na koma shagon babana a Ƙofar Marusa.

Saura uku.
Suka ce ai duwatsu uku su ne murhu,
suka ɗora tukunya.
Suka bar kiɗan amare da na 'yan takara,
suka kama wanda ake ce wa rok:
jita mai ihu kamar injin markaɗe ya tauna tsakuwa,
ganguna kamar ruwan Agusta a kan kwano.
Mutanen unguwa suka ce yaran sun taɓu.
Ni ma na ce.

Bayan isha'i na ja ƙofar shago,
na sa katin a waya, na toshe kunnuwa.
Waƙa tara.

Ta farko hayaniya ce, na yi murmushin mugunta.
Ta biyu a kan layin mai ce,
Mannir na dukan ganga kamar ta ci masa bashi.
A ta uku muryar Lurwanu ta fashe a tsakiya,
bai goge ba, ya bar ta haka,
yagewar da aka ƙi yi wa faci.
Can baya, in ka kasa kunne,
akwai carar zakaran maƙwabta,
don a garejin kawun Zayyanu suka naɗa,
sun lulluɓe bango da katifu da kwalin ƙwai.

Ta bakwai ce ta kama ni.
Na san karin. Ni na tsinto shi
wata rana a gindin bedi, bayan Gobarau,
muna jiran mai biki ya sallame mu.
Da yatsu uku nake shiga, in baiti na biyu ya ƙare.
Na gyara zama in ji wa suka ba wurina.
Baiti na biyu ya ƙare.
Jita ta yi shiru. Ganga ta yi shiru.
Na ƙirga ɗaya, biyu, har takwas,
babu kowa sai hucin sifika.
Sannan suka rufto gaba ɗaya
kamar katanga ta sha ruwa.

Na duba hannuna.
Yatsun nan uku na tafiya a kan teburin yanka,
tsakanin almakashi da alli,
ba su nemi izinina ba.

Ban sani ba ko gori ne,
ko kujera ce aka bar mini.
Lurwanu bai taɓa iya ba da haƙuri da baki ba,
ni kuma ban iya karɓa ba,
tun muna firamare haka muke.

Gobe Juma'a.
Kaftani huɗu na rataye, ban sa musu aljihu ba,
mai su zai zo da hantsi, kuma ba shi da daɗin baki.
Na mayar da ta bakwai farko.
Aka ɗauke wuta, fanka ta yi ta ja da baya har ta tsaya.
Na zauna a duhu, zufa na bin wuyana,
na sake ƙirga takwas.