Bakin Mutum Nawa?

A shagona na Mokoyo, bayan isha'i,
na ce wa tsohuwar kwamfuta:
daga tsaba za mu fara, ba garin kanti ba.
Fankarta ta yi nishi.

Manhajar rubutu ɗaya na gayyata,
ta zo da dangi arba'in da bakwai,
kowa sai an sussuka, an surfa, an niƙa.
Ƙarfe uku wuta ta ɗauke.

Da safe Tsahara mai koko ta leƙo:
"Rabe, wannan dami, bakin mutum nawa?"
Na ƙirga. Ni kaɗai.

Na bar turmi da taɓarya,
da baƙin allon da nake rubutu.
Sauran, ran da yunwarsu ta taso,
na san hanyar rumbu.