Dutse Mai Tafasa

Babana Bhikaji mai fasa dutse ne
a wani rami da ke bayan Jalgaon.
Baƙin dutse, mai taurin zuciyar mai bin bashi,
wanda ake farfasawa a shimfiɗa wa motoci hanya.
Shekara ashirin da shida yana ciki
har ya koyi gani da kunne:
in guduma ta ce ƙwal, ya wuce gaba,
in ta yi kukan tulun da ba ruwa
sai ya ɗaga hannu a dakata da nakiya.
Akwai ɗaki a ciki.

Na leƙa sau ɗaya, ina 'yar shekara tara,
ya riƙe ƙuguna, na cusa kai da tocila.
Fararen allurai dubu sun tsiro daga cibiya guda
kamar bushiyar da aka ƙera da madara.
A gefe ga wasu masu launin cikin gwanda
an ɗaure su a tsakiya kamar damman alkama,
ba wanda ya shuka, ba wanda ya girbe.
Na riƙe numfashi don kada in karya wani abu.

Malama Mrinalini ta zo daga Pune da 'yar gudumarta,
ta ce nan duk wuta ce a da,
ta malalo ta kwanta, wata ta malalo ta hau kanta,
shekaru miliyan sittin da ɗoriya.
Kumfar da ta rasa hanyar fita ta zama rami,
ruwan ɗumi ya riƙa bin tsaga
yana ajiye abin da ya ɗauko, ƙwaya bayan ƙwaya.
Ta kara ɓarɓashi a harshen wuta,
ya kumbura, ya yi kumfa, ya tofar da ruwansa.
Ta ce: ziyolayit, ma'anarsa dutse mai tafasa.
Babana ya ce: ashe shi ma ƙoshi ne da abin da bai faɗa ba.

Sadashiv na zuwa ranar Talata a kan babur
da auduga da tsofaffin jaridu.
Ya juya dutse, ya tsuke baki, ya nemo aibu,
ya ƙirga rupi ɗari uku yana huci.
Daga nan sai Mumbai, daga nan sai ƙetaren teku,
inda ake zaunar da shi a gidan gilashi
da lamba da suna, sunan kowa ban da na babana.
Wata rana wani kati ya faɗo daga jakarsa,
na karanta wa mutanen gida:
yana kawo barci, yana sanyaya zuciya,
yana tsotse dafin da ke cikin jiki.

A daminar da tari ya kama Baba,
tarin da ke kwana zaune,
Inna Hirabai ta naɗe guda a gefen sari
ta tura ƙarƙashin matashinsa ba ta ce komai ba.
Ya laluba ya ji, ya yi dariya har ta sarƙe shi.
Ya ce: dutsen da ya cika mini ƙirji da gari
shi ne kuma zai share?
Amma bai cire ba.
Ya yi barci a daren, har hantsi.
Likita ya ce maganin da ya canja ne.
Inna ta kalli rufi.

Yanzu ni ke wanke su da tsohon buroshin haƙori
a bakin famfo, kafin Talata.
Na san wanda ke son ruwa, na san wanda ke ƙi,
na san allurar da ke shiga yatsa ta yi sati.
Baba na zaune a ƙofa, ba ya sauka rami,
in nakiya ta tashi can nesa sai ya karkata kai,
ya ce: sun wuce ɗaki, sun fasa shi, wawaye.

Na ɓoye guda wanda Sadashiv ya ƙi,
rabin alluransa sun karye tun a rami.
Ban san ko yana magani ba.
Na dai san akwai ruwa a cikinsa
wanda ya girmi kogin Tapi,
kuma ba zan kai shi kusa da wuta ba.