Takarda Mai Layi Shida

A Durham, hawa na huɗu, ɗakin da sanyinsa ke cizon yatsu,
Likita Halvorsen ta turo mini takarda a kan tebur
kamar mai miƙo lissafin kuɗin wuta.
Layi shida. 'Ya'yana shida ke nan,
ko ƙwayar gishiri ba su kai ba tukuna,
suna kwance cikin ƙanƙara a ɗakin ƙasa.

Na biyu da na biyar suna da sikila.
Ta ja musu jan layi.
Ban ce uffan ba. Na san sikila tun ban san karatu ba:
ƙanena Thaddeus yana cizon matashin kai har asuba
don kada kukansa ya tashi Mama,
ƙasusuwansa kamar ana kirɓa su a turmi.
Shekara goma sha tara ya samu.
Shi ne kuma ya koya mini busa da ganyen ciyawa,
shi ke kwaikwayon fasto har fasto ya riƙe ciki.
Da an yi takardar nan a zamaninsa,
da jan layi ne, ba Thaddeus ba.
Da kuma bai ciji matashin ba.
Duka biyun gaskiya ne, sun ƙi zama kujera ɗaya.

Sai ta buɗe shafi na biyu.
Wannan, in ji ta, da ɗan ƙarin kuɗi ne:
wane zai fi tsawo, wane ake sa ran zai fi kai,
wane baƙin ciki zai iya kayarwa yana ɗan arba'in.
Hasashe ne, ba alkawari ba.
Cedric ya sunkuya yana bin lambobi da yatsa,
na tuna kakannin kakanninmu
su ma an taɓa buɗe musu baki a kasuwa
ana duba haƙora.

Ran Asabar na tuƙa mota zuwa wajen Goggo Odessa.
Tana da sha biyar aka ɗauko ta daga gonar taba,
aka ce tiyatar ciwon ciki ce.
Uwarta ta dangwala hannu,
don an ce in ta ƙi, tallafin abinci ya tsaya.
Wasu mutane a Raleigh da ba su taɓa ganin fuskarta ba
suka rubuta: ƙwaƙwalwarta ba ta cika ba.
Shekara arba'in ta riƙe littafin kuɗin coci,
ko sisi bai ɓata ba.
Sai da ta yi shekara takwas a ɗakin miji
wani likita ya gaya mata abin da aka ɗaure.
Duk jaririn unguwar nan ya sa safar da ta saƙa.

Na same ta a baranda tana ɓarar wake.
Ta karɓi takardar, ta nisanta ta da ido, ta daɗe.
Ni ba a tambaye ni ba, ta ce.
Ke an tambaye ki. Kada ki raina wannan.
Wake ya ci gaba da faɗawa cikin kwano.
Can ta ce: amma ki duba wa ya rubuta tambayar.
Nasu ma layi-layi ne, tsaf, da hatimi.

Na ce, Goggo, me zan yi?
Ta ce, miƙo mini wancan kwandon.

Na huɗu muka ɗauka.
Shafi na biyu na bar shi a teburin likita,
ko da yake Cedric ya riga ya gani, bai kuma faɗa mini ba.
Yarinyar tana da wata bakwai yanzu, tana da kunnuwan Thaddeus.

Na biyu da na biyar suna nan a ƙanƙara.
Duk Janairu wasiƙa takan zo:
a ci gaba da ajiya, ko a daina?
Ina biya.
Ban san sunan abin da nake biya ba.