Ƙofofin da Ke Ƙeya

Matakala ɗari da sittin da uku
daga bakin ruwan Onomichi zuwa ƙofar gidanmu.
Shekara arba'in babana Shinpei yana hawansu,
katakon jirgi a kafaɗa, bai taɓa ƙirga su ba.
Bara ya soma ƙirgawa.

Maƙwabta suka ce giya ce,
shi da ko a biki ba ya wuce shayi.
Tafiyarsa ta koma ta wanda ya sauko daga kwale-kwale,
ƙafa nan, ƙafa can, sai ka ce ƙasa ke tangaɗi.
Ya miƙa hannu ga kofi, hannun ya zarce,
ya dawo, ya sake zarcewa,
kofin na zaune bai motsa ba.

Ni kuwa dare kan riske ni a ɗakin bincike,
ido manne a madubin ƙara girma,
ina lallaɓa allurar gilashi, wadda gashi ya fi kauri,
zuwa jikin ƙwaya ɗaya tak
daga ƙaramar ƙwaƙwalwar ɓera, ta can ƙeya.
Ta baza rassa, shafal kamar mafici.

A fatarta ƙofofi ne dubbai,
ba mai gadi, ba sakata.
Ta gishiri ta buɗe, ya kwararo ciki, wuta ta tashi.
Ta toka ta buɗe, ya fice, wuta ta kwanta.
Ta kalsiyam na gefe tana riƙe musu lokaci.
Kafin ka ƙifta ido sun buɗe sun rufe sau goma,
kai kana ganin cokali kawai ka ɗaga.

Na kunna lasifika.
Tat-tat-tat-tat-tat,
ruwan sama a kan kwano, ba gaggawa, ba fashi.
Wannan ɓera lafiyayye ne.
Na ɗauko mai irin ciwon gidanmu:
tat. Tat-tat. Shiru.
Tat.
Na cire hannu daga na'ura na zauna,
don na san wannan takun.
Kowace Lahadi ina jin sa a bayan taga.

Ashe aikin ƙwayar nan kalma biyu ne: ya isa.
Ita ke ce wa hannu ga kofin nan, tsaya.
Damtsen babana har yau zai iya ɗaga ni sama,
ƙarfi bai tafi ko'ina ba,
mai cewa ya isa ce take makara.

Likita ya ce haruffa uku na gado ne suka yi in'ina,
suka nanata kansu fiye da ƙima.
Kakata Mitsue ta mutu tana dafa bango,
ana cewa jiri ne na tsufa.
Tawa takardar tana cikin aljihun tebur,
wata bakwai, ban yage bakinta ba.

Jiya na tare shi a bakin ruwa.
Ya ƙi sanda, ya karɓi kafaɗata.
A ta tamanin da ɗaya muka tsaya ya huta,
jirgin fito na ratsa mashiga a ƙasanmu.
Ya ce, Chizuru, ɓerayen naki sun faɗa miki wani abu?
Na ce suna kan faɗa, Baba, a hankali suke magana.
Ya yi dariya har ya karkata, na riƙe shi.
Ya ce nawa muka tsaya?
Na ce tamanin da ɗaya.
Ya ɗaga ƙafa, ta yi lilo tana neman dutsen,
ni kuma ina kallon tawa.